Rabin Sirinjin Hussaini

Sakkwato,
19 ga Satumba, 2021.

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki Malam Maharazu. Ya Dayi, ya aikin gona, ya kuma ɗawainiyar da na jibga miki? Na iso makaranta lafiya, sai dai nono da ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu. Yanzu da sauƙi.

Na kira lambarki ya fi sau talatin kafin na ji cewa an yanke layukan waya a yankinmu gaba ɗaya. Na rasa inda zan sa kaina. Allah ya haɗa ni da maƙwabcinku Jibo direba a tasha, ya ce duk zuwan da zai yi daga Funtuwa zai riƙa ɗauko mini takardarki. Saboda haka ki nemo biro, kada ki ce mini rubutunki ya tsufa.

Na san kin raini 'ya'ya kafin ni, amma ki yi haƙuri in maimaita. Waɗannan ba kamar sauran yara ba ne. Cikin wata shida da sati biyu na haife su, kowanne bai cika tafin hannun babansu ba. Wata uku ina zaune a gindin kwalbar asibiti ina ƙirga numfashinsu. Yau watansu goma sha bakwai, amma har yanzu ƙirjin Hassana ba ya son hayaƙi, don haka in za ki soya awararki ki kai yarinyar ɗakin Malam. Shi kuwa Hussaini, maganin jijjigarsa ne rayuwarsa. Safe da yamma, ki ja sirinji har inda na zana jan layi, kada ya gaza, kada ya wuce. Wata takwas rabonsa da jijjiga. Ki riƙa dafa musu ƙwai in an samu.

Sai abin da ya fi damuna. Duk wanda ya shigo gida Hussaini yake ɗauka, saboda bai iya zama da kansa ba tukuna, a bar Hassana tana bin ƙafafun mutane tana miƙa hannu. Ni kaina na sha yi mata haka. Don Allah Yaya, kada ki bambanta su. Abin da kika yi wa ɗaya ki yi wa ɗayan.

Za ki ce ba ni da kunyar 'ya'yan fari. Kunyar a asibiti na baro ta. Da ba don sau biyu na ɗage karatun nan ba, kuma an ce in na sake za a cire sunana, da ko yaye ba zai raba ni da su ba. Babansu yana can Fatakwal wurin aiki, shi ma kullum tambayata yake yi kamar ni ce ke Dayi.

Taki,
Sakinatu.

*

Dayi,
3 ga Oktoba, 2021.

Uwar biyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana amsawa. An fara karyar masara, tsakar gidan nan ba wurin taka ƙafa.

Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Wato ke da na goya ki a bayana kina yi mini fitsari, yau ke ce mai koya mini raino. To na ji, Malama.

Yaye ya zo da rigima, ba zan ɓoye miki ba. Hussaini bai ba ni wuya ba, kunun gyaɗa kawai ya kama. Hassana ce ta tayar mana da gida. Kwana uku tana tsala ihu, ta ƙi goyo, ta ƙi ajiya, ta ciji Malam a yatsa. Ran na ukun jikinta ya yi zafi, hankalina ya tashi ƙwarai. Amma na gane inda matsalar take, na gyara, kuma takardarki da ta zo daga baya ta nuna mini daidai na yi. Yanzu in kin gan ta ba za ki ce ita ba ce. Ta yi hankali a hannuna. Tana karyawa sai barci, ta tashi ta ci ta koma. Har ina samun sukunin yin awarata a tsanake, kuma ina kai yarinyar nesa da hayaƙi kamar yadda kika ce.

Magani ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba, jan layinki nake bi. Ƙwai kam kin san ba ya shiga tukunyata, ina ba su wake da busasshen kifi. Zancen bambanci kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ba ni za a gaya wa wannan ba. Ko ƙuli-ƙuli ɗaya na samu sai na fasa shi biyu.

Ki yi karatunki, ki daina ƙirga numfashin mutane daga Sakkwato.

Yayarki,
Maijidda.

*

Dayi,
24 ga Oktoba, 2021.

Sakinatu,

Bayan gaisuwa. Na sami gajeriyar takardarki da rigunan sanyin da kika aiko, sun yi musu daidai. Kin tambayi barcin Hassana, ko ba ya yi yawa ba. Ni dai ban ga ciwo a jikinta ba, tari ma sau ɗaya ta yi ya wuce. Tafiyarta ce ta ɗan ja baya, tana tangaɗi, na ce ko ƙiba ce.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in faɗa ko in bari. Ranar Laraba da hantsi ina ba Hussaini kunu sai ya ƙafe ido a wuri ɗaya, hannunsa na dama yana rawa. Kafin in aje kofi ya dawo, har ya yi mini dariya. Ranar Asabar ya sake. Bai daɗe ba shi ma. Malam ya yi masa rubutu, mun shafe shi. Na ce kada in ɗauke shi zuwa asibitin Malumfashi a kan babur cikin iskar nan a kan abin da ya riga ya wuce.

Kada ki tayar da hankalinki. Na gaya miki ne don kada ki ce na ɓoye.

Maijidda.

*

Sakkwato,
27 ga Oktoba, 2021.

Yaya,

Ina fata kun tashi lafiya. Ni ban tashi lafiya ba.

Kada in tayar da hankalina? Wata takwas yaron nan bai yi ba a hannuna, sati shida a hannunki ya yi sau biyu, kuma sai da kika kwana huɗu a kai kina shawarar ko ki faɗa mini. Abin da kike kira ya wuce, da shi yake farawa. Likita ya gaya mini da bakinsa, duk jijjigar da ta daɗe tana iya tafiya da wani abu a kansa wanda ba zai dawo ba. Zaman da yake koyo, da “Mama” ɗin da ya fara faɗa, duk za su iya tafiya.

Ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah, sau nawa aka manta da maganin? Na san lokacin kaka ne, ga masara, ga waken suya, ga masu sayen awara a ƙofa. Ba sai kin rantse mini ba, maganin nan in ana ba shi yadda na ce ba ya yin haka. In aiki ya yi miki yawa ki faɗa, in nemi wani wurin.

Wadda ba ta zauna tana kallon ɗanta yana shiɗewa a gabanta ba, ba za ta gane abin da nake ji ba. Ki kai shi asibiti ranar da takardar nan ta same ki.

Sakinatu.

*

Sakkwato,
9 ga Nuwamba, 2021.

Yaya Maijidda,

Sallama da gaisuwa. Jibo ya zo sau uku hannu wofi. Na farko ya ce bai same ki ba, na biyu ya ce kin karɓi takardata kin shige ɗaki, jiya kuwa ya ƙi haɗa ido da ni, ya ce shi dai ya ga yaran a tsakar gida. Na tambaye shi Hussaini a zaune yake ko a kwance, ya ce bai lura ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Ina cikin aji malami yana magana, ni kuwa ina Dayi. Jiya na zuba ruwan zafi a kofi na manta ban sa shayi ba, na shanye shi haka. Sau biyu ina haɗa jakata, ƙawayena suna kwancewa, suna tuna mini halin da hanyar Gusau take ciki da jarrabawar da ta rage sati uku.

Na san bakina ya yi kaifi. In fushi kike yi, ki yi da ni, ki zage ni cike da takarda, zan karanta. Amma ki rubuta mini layi ɗaya a kan yaron. In Jibo ya dawo ranar Juma'a babu komai, zan shiga motarsa, karatun ya daɗe bai lalace ba.

Ƙanwarki,
Sakinatu.

*

Dayi,
11 ga Nuwamba, 2021.

Sakinatu,

Muna nan da rai. Ki zauna ki yi jarrabawarki.

Na yi shiru ne don da na rubuta a ranar da na karanta, da zumunci ya ɓaci. Kin ce wadda ba ta ga ɗanta yana shiɗewa ba. Ke kina 'yar shekara takwas lokacin, shi ya sa kika manta, ko kuma ba a gaya miki ba. Ni ma tagwaye na fara haifa, mata biyu. Hassanata da kika sani, wadda ke aure a Ƙarfi, ba ita kaɗai ta zo ba. 'Yar'uwarta a cinyata ta cika. Ki riƙa tauna magana kafin ki aiko ta.

Asibiti mun je tun washegari. Likita ya tambaye ni ko ana ba shi maganin kullum, na ce ƙwarai. Ya duba kwalbar ya ga ta sauka daidai kwanakinta. Ya ce mu ci gaba, mu dawo bayan sati uku, in bai daina ba a ƙara masa. Bai daina ba. Ranar Talata da azahar ya yi babba, jikinsa duka, har leɓensa ya canja. Na kwantar da shi ta gefe yadda kika nuna mini, ina salati har ya saki. Tun ranar bai ce “Mama” ba, amma yana cin abinci.

Tunda kin maishe ni maƙaryaciya, bari in zayyana miki yadda nake yi, ki nuna mini inda na yi sakaci. Ina idar da sallar asuba nake wanke hannu. In girgiza kwalba, in ja sirinji har jan layinki, in ɗaga shi a haske in tabbatar. In zaunar da su biyun a cinyata. In matsa wa Hussaini rabi, in matsa wa Hassana rabi. Da la'asar ma haka. Kwana ukun farko ne kawai na ba shi shi kaɗai tana kallo tana miƙa baki, kuma kin ji abin da ya biyo baya, zazzaɓi ya rufe ta. Tun da na fara raba musu ta kwantar da kai. Ke ma da hannunki kika rubuta, abin da na yi wa ɗaya in yi wa ɗayan.

To ina laifina?

Maijidda.

*

Sakkwato,
12 ga Nuwamba, 2021.

Yaya,

A tasha nake rubuta wannan a kan bayan motar Jibo, ki yi haƙuri da rubutun. Na roƙe shi ya juya yau ɗin nan ko motarsa ba ta cika ba, ya yarda.

Yaya, maganin na Hussaini ne shi kaɗai. Jan layin nan duka nasa ne, an auna shi da nauyin jikinsa. Wata biyu ke nan rabi yake sha, shi ya sa ciwon ya dawo. Barcin Hassana kuma ba hankali ta yi ba, maganin ne yake kwantar da ita, shi ne tangaɗin da kika gani. Innalillahi. Tun takardarki ta farko abin yana gabana ban gani ba, ina can ina zargin awara.

Ki ɗauke su duka biyun zuwa asibiti, ki miƙa wa likita wannan takardar da hannunki, ki gaya masa kin raba. Kada ki yanke wa Hassana da kanki, shi zai faɗi yadda za a janye mata. Na kira babansu, ya taso daga Fatakwal, amma kada ki jira shi.

Ba sakaci kika yi ba, na gane yanzu. Ni na rubuta maganar, ina nufin ɗauka da wasa da goyo, ban kawo magani a raina ba. Abin da na faɗa miki kuwa, wallahi ban san kin rasa ɗiya ba, ba wanda ya taɓa ambata ta a gabana. Na ji kunyar kaina. Ki yafe mini.

Na san abin da ake faɗa a kan tagwaye, cewa in an fifita ɗaya ɗayan zai yi fushi. Ina roƙonki da girman Allah, ko Hassana za ta fasa gidan da kuka, ki cika wa Hussaini sirinjinsa.

Sakinatu.

*

Dayi,
5 ga Disamba, 2021.

Ƙanwata Sakinatu,

Assalamu alaikum. Ya jarrabawa? Allah ya ba da sa'a. Muna lafiya, an gama yankan dawa, Malam yana gaishe ki. Babansu ya kwana biyar ya koma, na san ya ba ki labari ta waya, amma akwai abin da bai sani ba.

Da likita ya karanta takardarki ya cire gilashinsa ya daɗe yana kallona. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce laifinsa ne ma da bai tambaye ni wa da wa ke sha ba. Ya mayar da Hussaini kan cikakken layinsa, ya rubuta yadda za a riƙa rage wa Hassana kaɗan-kaɗan har kwana goma. Daga ranar jijjiga sau ɗaya ta zo, ƙarama. Yana zama in an tokare shi da matashi. “Mama” dai ba ta dawo ba tukuna. Likita ya ce a ba shi lokaci, bai yi mini alkawari ba, ni ma ba zan yi miki ba. Wannan nauyin yana wuyana, ba sai kin ce komai ba.

Na yafe miki. Bari in gaya miki abin da ba a gaya miki ba. Tagwayena suna da shekara biyu Hassanata ta yi ciwo ta rame. Kazata ɗaya ce, ƙwai ɗaya take yi a rana. Sai na riƙa dafa wa marar lafiyar, ita Hussaina lafiyayya tana tsaye tana kallo. Kwana bakwai ina haka. Ran na bakwai zazzaɓi ya kama Hussaina da safe, wuyanta ya sandare, kafin la'asar an kai ta. A wurin zaman makoki uwar mijina ta ce, a gaban mata, “Ai fushi ta yi ta koma, an nuna mata ba a sonta.” Ba wanda ya musa. Shekara goma sha tara ban dafa ƙwai ba, ban ci ba.

Ranar da kwana goman suka cika, na ja sirinji har jan layi na matsa wa Hussaini duka. Hassana ta matso ta buɗe baki yadda ta saba. Na wanke sirinjin na sa a kwano na rufe. Ta dube ni, Sakinatu, irin kallon nan dai na Hussainata. Ta yi kuka har ta shiɗe. Na zauna a ƙasa na rungume ta. Wunin ranar hannuna yana goshinta. Haka washegari. Ina ƙirga kwanaki ba wanda ya sani, ko Malam. Ran na bakwai ban hura wuta ba, na goya ta tun safe ina taɓa wuyanta.

Ran na takwas ina shanya na ji ƙara a bayana. 'Yarki ce ta kife mini robar madarar waken suya, ta kwano biyu, ta zauna a ciki tana dukanta da hannu tana ƙyalƙyala dariya. Tun da nake ban taɓa murnar asara irin ta ranar ba. Rigimammiyarki ta dawo, ta sake cizon Malam, ki zo ki ɗauki abinki.

Da muka koma asibiti na yi ƙarfin hali na ba likita labarin Hussainata, na ce ko ƙwai ne. Ya tambayi watan da ta rasu, na ce tsakiyar bazara. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, amma alamun na sanƙarau ne, kuma da na ba ta ƙwai goma a rana ba zai hana ba. Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Jiya kazar Malam ta yi ƙwai ɗaya. Na dafa shi, na zauna a bakin ƙofa na ɓare, hawaye yana zubo mini. Hassana ta zo ta kama hannuna tana so. Na ce mata na yau nawa ne, gobe nata, jibi na Hussaini. Na cinye abuna tana kallo. Ta yi kukanta, ta gaji, ta tafi bin kaji.

Yau da safe na taɓa goshinta, sanyi ƙalau.

Yayarki,
Maijidda.